TSARE SIRRIN FAYIL A KWAMFUTAR DA MUTANE DA YAWA KE AIKI DA ITA

A birnin Jos, kamar sauran manyan garuruwan ƙasar nan, sau da yawa akan tarar da kwamfuta guda ɗaya mutane da dama ke aiki da ita. A ofisoshin gwamnati akan sami akawu biyu ko uku suna karɓa-karɓa a kan na'ura guda. A shagunan buga takardu da ke kusa da Jami'ar Jos, a Titin Bauci da Naraguta, da waɗanda ke wajen Taminus da Titin Ahmadu Bello, ɗalibai da masu neman aiki suna shiga suna fita tun safe har dare. A gida kuwa, kwamfutar da maigida ya saya ita ce ta uwargida, ita ce ta yara, ita ce kuma ta ƙanen da ya zo hutu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yakan tashi ya bar wani abu nasa a cikin na'urar: hoton takardar shaidar ɗan ƙasa mai ɗauke da lambar NIN, ko lambar banki ta BVN, ko sakamakon gwajin asibiti, ko takardar rabon gado, ko hotunan iyali, ko tambayoyin jarrabawar da ba a riga an yi ba. Idan irin waɗannan suka faɗa hannun da bai dace ba, ana iya yin zamba da sunan mai su, ko a tona masa asiri, ko a raba shi da aikinsa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda kwamfuta ke raba kayan wani da na wani, da iyakar abin da wannan rabo zai iya tsarewa, da kuma abin da mutum zai yi idan yana son tsaron da ya wuce haka.

Asalin al'amarin

Wannan matsala ta girmi kwamfutar tebur. A shekarar 1961, a cibiyar koyon fasaha ta MIT da ke Amurka, wani malami mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙera wani tsari da ake kira CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar yin aiki da babbar na'ura guda a lokaci ɗaya. Da yake kowa yana da nasa fayil, sai aka ba kowa suna da kalmar sirri. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda aka ƙayyade wa awa 4 a mako, ya ga lokacin bai ishe shi ba, sai ya yi dabara na'urar ta buga masa jerin kalmomin sirrin kowa da kowa. Watau ke nan tun daga ranar da aka fara sa kuba, aka fara neman hanyar buɗe ta.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell, inda daga baya aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: kowane fayil yana da mai shi, kuma na'ura tana riƙe da bayanin wanda aka yarda ya karanta shi da wanda aka yarda ya sāke shi. Kamfanin Microsoft ya shigo da irin wannan ƙa'ida cikin Windows NT a 1993, da wani tsarin shirya faifai mai suna NTFS.

A Jos ma da tarayya aka fara. Jami'ar Jos, wadda aka buɗe a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'in ƙasar nan da suka yi gaba wajen haɗa kwamfutocinsu. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a can a ƙarshen shekarun 1990, kuma wahalar samun intanet da ya gani ita ta sa shi, bayan ya koma Jami'ar Iowa, ya kafa shirin WiderNet a 2000, wanda ya fito da eGranary, watau babban faifai da aka cika da littattafai da kwafin shafukan intanet domin ɗalibai da yawa su riƙa karantawa daga wuri guda. Tun daga 2015 kuma, da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kusan babu gidan da ke da ɗalibi da bai taɓa miƙa takardunsa ga na'urar wani ba.

Mataki na farko: kowa da ɗakinsa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan al'amari ita ce a ɗauki kwamfuta tamkar gidan haya. Kowane ɗan haya yana da ɗakinsa da kubarsa, akwai tsakar gida ta kowa da kowa, akwai kuma mai gida wanda ke riƙe da mabuɗin kowane ɗaki. Ɗakin shi ne asusun mutum a cikin na'ura, kubar kuwa ita ce kalmar sirri.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe asusu ɗaya tak, kowa ya riƙa shiga da shi. A irin wannan hali babu wani sirri ko kaɗan, domin na'ura ba ta gane fuska. Duk wanda ya shiga da suna ɗaya, mutum ɗaya ne a wurinta. Saboda haka wajibi ne a buɗe wa kowane mai aiki da na'urar asusunsa. A Windows 10 da Windows 11 ana yin haka ta shiga Settings, sannan Accounts, sannan wurin da aka tanada don ƙara wasu mutane.

Asusu iri biyu ne. Akwai na shugaba, wanda na'ura ke kira Administrator, akwai kuma na gama-gari, wanda take kira Standard. Mai asusun gama-gari yana iya yin aikinsa, ya ajiye kayansa, amma ba shi da ikon leƙa ɗakin wani ko sāke tsarin na'ura. Ya kamata asusun shugaba ya zama guda ɗaya, a hannun mutum ɗaya amintacce, sauran duka su zama na gama-gari. Shi kansa shugaban zai fi kyau ya buɗe wa kansa asusun gama-gari don aikin yau da kullum.

Game da kalmar sirri, tsawo ya fi muhimmanci. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a haɗe, sun fi sunan ɗa ko shekarar haihuwa ko lambar waya ƙarfi nesa ba kusa ba, domin waɗannan su ne abin da makusanci zai fara gwadawa. Kada a rubuta ta a manna a jikin na'ura ko ƙarƙashin allon bugu. Har ila yau, duk lokacin da mutum zai tashi, ko da zuwa salla ne ko amsa kiran shugaban ofis, sai ya danna maɓallin Windows tare da harafin L, nan take na'ura za ta rufe. Ɗakin da aka bari a buɗe, kubarsa ba ta da amfani.

Mataki na biyu: sanin inda ake ajiya

Samun ɗaki bai isa ba idan mutum yana zube kayansa a tsakar gida. A Windows, duk wanda aka buɗe wa asusu, na'ura takan yi masa babbar folda mai ɗauke da sunansa a cikin wata folda da ake kira Users, a faifan C. A cikinta ne ake samun Documents da Pictures da Downloads da Desktop. Abin da aka ajiye a nan, sauran masu asusun gama-gari ba za su iya buɗe shi ba.

Amma akwai wurare uku da wannan tsaro bai kai ba. Na ɗaya, foldar da ake kira Public, wadda aka yi ta musamman don kowa ya gani. Na biyu, duk foldar da mutum ya ƙirƙira kai tsaye a bakin faifan C ko D, domin bisa al'ada na'ura takan bar ta a buɗe ga duk mai asusu. Wanda ke son ya taƙaita ta sai ya shiga Properties, sannan Security, inda zai ga jerin waɗanda aka ba izini, ya cire wanda bai kamata ba, tare da kula kada ya cire kansa. Na uku, filashi da katin ajiya. Yawancinsu an shirya su ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san wani abu wai shi izini ba. Duk wanda ya tsinci filashi ya tsinci abin da ke cikinsa.

Akwai kuma masu ɓoye folda ta hanyar sa mata alamar Hidden, ko su ba ta sunan da ba zai ja hankali ba. Wannan daidai yake da tura akwati ƙarƙashin gado. Da dannawa biyu ko uku na'ura za ta nuna duk abin da aka ɓoye, kuma yaran zamani sun san wannan tun suna firamare.

Masu aiki da wasu tsare-tsaren ban da Windows su ma sai su lura. A kwamfutar Apple, foldojin da ke cikin ɗakin mutum a rufe suke ban da Public, amma abin da aka ajiye a bakin ɗakin, ba cikin ɗaya daga cikinsu ba, wasu na iya karanta shi. A Ubuntu kuwa, wanda yake ɗaya daga cikin ire-iren Linux, shekaru da yawa kowane mai asusu yana iya karanta foldar ɗan'uwansa. Sai a fitowar watan Afrilu na 2021 aka rufe wannan ƙofa ga sababbin na'urorin da aka ɗora wa tsarin. Wanda ke da tsohuwa yana iya rufe tasa foldar da umurnin chmod 700.

Iyakar wannan tsaro

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, saboda haka ya kamata a karanta wannan sashe da natsuwa. Izinin da aka bayyana a sama yana tsare mutum ne daga ɗan haya ɗan'uwansa. Ba ya tsare shi daga mai gida. Idan mai asusun shugaba ya nufi foldar wani a Windows, na'ura za ta gaya masa ba shi da izini, amma a nan take za ta ba shi maɓallin da zai danna ya ba kansa izinin. Yana kuma iya sāke kalmar sirrin kowa. An yi haka ne da gangan, domin a sami mai gyara idan abu ya lalace.

Bugu da ƙari, izini yana aiki ne muddin Windows ɗin da ke cikin na'urar ne ke tafiyar da ita. Idan wani ya tayar da na'urar da wani tsari daga filashi, ko ya kwance faifan ya haɗa shi da wata kwamfuta, duk waɗannan ƙa'idodi sun faɗi, fayil kuma yana nan a fili kamar yadda aka rubuta shi. Wannan shi ne halin da ake shiga idan aka sace na'ura, ko aka kai ta wurin mai gyara, ko aka sayar da ita ba tare da an share faifan sarai ba. Jefa fayil a kwandon shara na kwamfuta, kai har ma da zubar da kwandon, ba ya hana wanda ya san aiki ya dawo da shi.

Mataki na uku: ɓad da kama

Maganin wannan shi ne abin da za a iya kira ɓad da kama, watau na'ura ta juya rubutu ta hanyar lissafi ya zama tarkacen da ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi. Wannan shi ne adakar ƙarfe a cikin ɗaki: ko mai gida ya buɗe ƙofa, ko ɓarawo ya ɗauke adakar, abin da ke ciki bai buɗu ba. Hanyoyin yin haka uku ne, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce rufe faifai gaba ɗaya. A Windows ana kiran wannan BitLocker, wanda ya fara fitowa tare da Windows Vista. A Apple kuwa FileVault. Wannan yana maganin ɓarawo da mai kwance faifai. Sai dai da zarar na'ura ta tashi an shiga, faifan ya buɗe, saboda haka ba ya raba mai asusu da shugaba.

Ta biyu ita ce rufe folda guda da tsarin EFS, wanda ke cikin Windows tun fitowar Windows 2000, amma babu shi a irin da ake kira Home. Ana samunsa a Properties, sannan Advanced. Yana ɗaure fayil da asusun mai shi, ta yadda ko shugaba ya shiga foldar ba zai iya karantawa ba.

Ta uku ita ce amfani da wata manhaja dabam. VeraCrypt, wadda kyauta ce, tana yin wani fayil guda mai kama da akwati, wanda ke buɗewa da kalmar sirri, a zuba kaya a ciki a rufe. Ana iya ɗora shi a filashi. Manhajar 7-Zip ma, ita ma kyauta, tana iya ƙunshe fayiloli ta rufe su da kalmar sirri. Abin lura shi ne a rufe akwatin da zarar an gama, domin muddin yana buɗe, wani da ke cikin na'urar yana iya kaiwa gare shi.

Sai dai fa wannan magani yana da nasa haɗari, kuma babba ne. Wanda ya batar da mabuɗi ya batar da kayansa har abada. Babu mai gyaran da zai iya dawo da su. BitLocker yana ba da wata lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda ya wajaba a rubuta ko a buga a takarda a adana nesa da na'urar. Mai amfani da EFS kuwa dole ya fitar da kwafin mabuɗinsa ya ajiye a wani wuri, domin idan shugaba ya sāke masa kalmar sirri da ƙarfi, ko mai gyara ya share na'ura ya ɗora sabon Windows, fayilolin za su kasance suna nan amma ba za su ƙara buɗuwa ba. Haka kuma ya kamata kowane abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi na biyu, shi ma a rufe, a wani gini dabam. Mutanen Jos da suka ga gobarar da ta cinye babbar kasuwar birnin a watan Fabrairu na 2002 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haɗarin tara dukiya a wuri guda.

A ƙarshe, shugaban da ya yi niyyar cin amana yana iya sa manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga, har da kalmar sirri. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Abin da tonuwarsa za ta zama masifa, kada a buɗe shi a na'urar wanda ba a amince da shi ba.

Kwamfutar shago da ta ofis

A shagon buga takardu babu ɗaki, tsakar gida ce zalla. Wanda ya kai takardunsa a ɗauki hotonsu, ya tsaya har a gama, ya nemi a share kwafin a gabansa daga Desktop da Downloads, a kuma zubar da kwandon shara. Idan ya shiga akwatin wasiƙunsa ko WhatsApp ko Facebook, kada ya yarda na'ura ta riƙe masa kalmar sirri, kuma ya tabbata ya fita sarai kafin ya tashi, domin rufe shafi ba fita ba ne. Harkar banki kuwa an fi so a yi ta a wayar mutum ta kansa.

Kwamfutar ofis dukiyar ma'aikata ce, kuma jami'in da ke kula da ita yana da ikon duba ta. Ma'aikaci mai hankali ba ya ajiye al'amuran gidansa a cikinta. Shugabannin ofisoshi kuma su tuna cewa tun zamanin fayil na takarda an raba wurin ajiyar fayilolin asiri da na sauran fayiloli, ba kowane akawu ke shiga ba. Wannan ƙa'ida ba ta faɗi ba don an koma na'ura. Idan aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, a karɓi fayilolin aiki, a rufe asusunsa a ranar.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin kansu da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan kutsawa cikin kwamfuta ba da izini ba da nufin zamba, ta kuma wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da ajiye littafin sunayen masu shiga.

A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, ko asibiti ko makaranta ko kamfani, nauyin tsare su, musamman waɗanda suka shafi lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsu. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Ashe ke nan asibitin da ya bar sunayen marasa lafiya a asusun da kowa ke shiga yana wasa da doka.

Abubuwan tunawa

1. Kowane mutum da asusunsa da kalmar sirrinsa. Asusun shugaba ɗaya tak.
2. A ajiye kaya cikin foldar da ke ɗauke da sunan mutum, ban da Public, ban da bakin faifai.
3. A rufe na'ura duk lokacin da za a tashi.
4. Abin da ba a so shugaba ko ɓarawo ko mai gyara ya gani, a ɓad masa da kama.
5. A adana mabuɗin ceto da kwafi na biyu a wani wuri dabam.
6. Kafin a sayar da na'ura ko a ba da ita kyauta, a share faifanta sarai.

Ana roƙon malaman makarantu da shugabannin ofisoshi da masu shaguna da iyaye su karanta wa waɗanda ke ƙarƙashinsu wannan bayani, su kuma zauna tare su duba na'urorinsu tun kafin wani abu ya faru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.